Allurar tsoka da jinin da ke kwanciya a ciki: tambayoyin da aka fi yi min

Na daɗe ina riƙe sirinji, kuma tambayoyin da ake min kan allura kusan guda ne suke ta dawowa, yau daga bakin uwa gobe daga bakin dattijo, shi ya sa na ce bari in tara su wuri ɗaya in amsa iya abin da na sani. Wannan rubutun ba zai ga ciwonka ba, ba zai taɓa kumburin ya ji taurinsa ba, in abu ya yi tsanani a je asibiti kawai.

Wai mece ce ma allurar tsoka, meye bambancinta da sauran?

Allura kala-kala ce. Akwai ta jijiya wadda magani ke shiga jini kai tsaye, akwai ta ƙarƙashin fata irin insulin na masu ciwon suga, akwai ta cikin fatar kanta irin BCG da ake wa jarirai, sai kuma ta tsoka, wadda ake soka ta a miƙe ta wuce fata ta wuce kitse ta sauka cikin nama. An zaɓi tsoka ne saboda cike take da ƙananan hanyoyin jini, magani na zuwa suke kwashe shi. Toh wannan ɗin dai shi ne kuma matsalar, wurin da jini ya yi yawa in ka soka ƙarfe dole wani lokacin ka taɓa wata hanyar.

Wuri huɗu ake yin ta: dantse ƙasa da ƙashin kafaɗa da kamar yatsu biyu zuwa uku, gefen cinya ta waje, gefen ƙugu, da saman ɗuwawu ta waje. Dantse ƙaramin nama ne, mil 1 (wato mililita 1) ake sa masa yawanci, in an matsa 2. Manyan wuraren ne ke ɗaukar mil 3 zuwa 5 a babban mutum.

An min allura jini ya fito, washegari wurin ya yi baƙi. Nas ɗin ce ba ta iya ba?

Ba lallai ba. Babu mai ganin ƙananan jijiyoyin nan da ido, ko wanda ya shekara talatin yana aikin wata rana zai soka ya ga ɗigon jini ya biyo allurar. Ɗigo ɗaya ko biyu a auduga, ko ɗan jinin da ya kwanta ƙarƙashin fata girman kan babban yatsa, ba komai ba ne, da kansa yake bajewa.

Wanda muke tsoro daban ne, shi ne jinin da ya ci gaba da tsiyaya a can cikin nama ya taru ya yi ƙullutu, likitoci na ce masa hematoma. Shi sau da yawa ba ka ganin komai a fata ranar farko, sai dai kumburi da tauri da ciwon da ke ƙaruwa maimakon ya ragu. A fata mai duhu ma launin ba ya fitowa sosai, don haka kar a tsaya jiran a ga shuɗi ko ja, hannu ake sa wa a taɓa a gwada da ɗaya ɓangaren.

Me ya sa ake cewa kar a murza? Ai mu mun taso ana murza mana

Nima haka aka min, ana zare allura sai a hau murza wurin da auduga wai don magani ya narke. Gaskiya maganin ba ya buƙatar taimakon kowa. Abin da ke faruwa a ciki shi ne jijiyar da aka huda tana ƙoƙarin toshe kanta, ƙwayoyin jini masu toshe rauni, filatilet, sun taru a bakin ramin sun fara yin ɗan guda, kai kuma ka zo da yatsa kana murzawa kana wargaza musu aiki. Dannawa ake yi. A ɗora busasshiyar auduga, a danna da ƙarfi daidai, a tsaya cak. Wasu magungunan ma, irin masu aiki a hankali na wata ɗaya ko wata uku, murzawa na iya canza yadda ya kamata su riƙa shiga jiki.

Su waye ya kamata su yi kaffa-kaffa da allurar tsoka?

Nan ne zan ɗan daɗe don nan ne gizo ke saƙa.

Na farko masu shan maganin tsinka jini. Wafarin, hefarin, allurar Clexane, da sababbin nan irin Xarelto da Eliquis, ana ba masu bugun zuciya mara tsari, waɗanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya (su dai wafarin ake ɗora su a kai), da waɗanda jini ya taɓa daskarewa a ƙafa ko huhu. Sai asfirin da kulofidogirel da ake ba wanda ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Mutane da yawa ba sa ɗaukar ƙaramin asfirin ɗin nan a matsayin magani ma, ka tambayi mutum yana shan wani abu ya ce a'a, sai can ya ce au sai dai ƴar ƙwayar nan ta kullum.

Na biyu masu gadon cutar rashin daskarewar jini, hemofiliya. Nau'in A rashin sinadarin daskarar da jini na 8 ne, nau'in B na 9, maza ta fi kamawa, nau'in A kusan namiji ɗaya cikin 5,000 da ake haifa. Akwai kuma cutar von Willebrand da ke kama maza da mata, wadda mace za ta yi shekaru tana fama da jinin al'ada mai yawa da haɓo ba ta san sunan abin ba.

Na uku waɗanda filatilet ɗinsu ya faɗi. A lafiyayyen mutum 150,000 zuwa 450,000 ne a kowace maikurolita, in ya sauka ƙasa da 50,000 yawancin likitoci ba sa son a taɓa tsoka. Masu sankarar jini, masu karɓar maganin sankara, masu zazzaɓin dengi duk suna nan. A dengi Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara a guji allurar tsoka a guji asfirin da ibufurofen. Masu tsohon ciwon hanta ma haka, don hanta ce ke ƙera mafi yawan sinadaran daskarar da jini. Sai wanda macijin da dafinsa ke tsinka jini ya sara, shi ko allurar tetanus ana jinkirta masa har sai jinin ya fara kamawa. Wanda ake zaton ciwon zuciya ne ya buge shi yanzun nan shi ma ba a masa allurar tsoka, saboda ƙila a ba shi maganin narkar da gudan jini nan da awa ɗaya, wurin allurar ya zama famfo.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa da shi. Wafarin yake sha saboda zuciya, bayansa ya riƙe, wani ya masa allurar dikulofenak a ɗuwawu, shi bai faɗa ba shi ma mai yin bai tambaya ba. Da daddare ya ce wurin na masa zogi, iyalinsa suka gasa masa da ruwan zafi suka yi masa tausa, da kyakkyawar niyya wallahi. Da safe aka kawo shi a kwance a kan ciki don ba ya iya zama. Na ɗora hannu na ji ɓangaren dama kamar dutse, fatar ta miƙe tana sheƙi, ɓangaren hagu kuwa laushi lau. Na ja fatar idonsa na ga fari fat, yana ta cewa ƴata ruwa zan sha, ƴata jiri nake ji. Ko ɗigon jini bai fita waje ba amma sai da aka masa ƙarin jini. Abu biyu suka haɗu masa, ramin allura ga mai wafarin, da kuma dikulofenak ɗin kansa wanda shi ma yana rage ƙarfin filatilet. Ya warke alhamdulillahi, amma ya sha kwanciya.

Ina shan wafarin, kenan ba zan yi rigakafi ba? Ko in daina maganin kwana biyu?

Kar ka daina. Dan Allah kar ka daina da kanka. Wanda aka ɗora a kan maganin nan an ɗora shi ne don kar guda ya tafi ƙwaƙwalwa ko huhu, wannan haɗarin ya fi ɗan kumburin dantse nesa ba kusa ba.

Rigakafi kuma ana yi. Ruwan kaɗan ne, yawanci rabin mil, a dantse inda za a iya dannawa a kuma ga abin da ke faruwa. Abin da ake so shi ne gwajin INR ɗinka na baya-bayan nan, wato gwajin da ke nuna yadda jini ya tsinke, ya kasance bai haura inda likita ya sa maka ba, ga mafi yawan mutane tsakanin 2 da 3 ne. A yi amfani da siririyar allura, geji 23 ko 25, lambar na hawa allurar na ƙara sirancewa. A danna wurin minti 2 aƙalla ba murzawa, kuma minti 2 na agogo, ba na ƙiyasi ba, don in ka ce wa mutum minti biyu daƙiƙa ashirin yake yi ya saki. Abin da ba a so shi ne babbar allura mai mil 3 ko 5 can cikin ɗuwawu, inda ba ya dannuwa kuma jini zai taru da yawa kafin a farga. Irin wannan a nemi ƙwaya ko a ba da ta jijiya.

Sista, yarona na da hemofiliya, ya zan yi da alluran rigakafinsa?

A yi masa su duka, yana buƙatarsu kamar kowane yaro, ta ciwon hanta nau'in B ma ya fi wasu buƙata tunda yana iya karɓar jini ko abin da aka samo daga jini. Yadda za a yi ne ya bambanta. Da yawa daga cikin alluran ana iya yin su ƙarƙashin fata maimakon tsoka, in kuma dole sai tsoka, a daidaita ranar da lokacin da aka ba shi sinadarin da ya rasa, a sa allura mafi siranta, a danna minti 5 zuwa 10, a ɗora ƙanƙara. Likitan jinin da ke duba shi ne zai tsara, ke kuma naki shi ne ki faɗa tun kafin a buɗe sirinji, ko da kin faɗa wancan zuwan, don ba lallai mutum ɗaya za ki tarar ba.

Iyayen da ba su san yaronsu na da ita ba, wani lokacin allura ce ke fara tona asirin. Jaririn da cinyarsa ta kumbura suntum bayan rigakafi ta ƙi sacewa, musamman in a dangin uwa akwai mazan da jininsu ba ya tsayawa, a yi masa gwajin daskarewar jini.

Yaya zan gane wanda zan zauna a gida da wanda zan ruga asibiti?

Ciwon allura na yau da kullum yana raguwa ne, na yau ya fi na gobe zafi. In ka ga akasin haka ka buɗe ido. Kumburin da ke girma kana kallo, ka zagaye shi da biro ka duba bayan awa biyu, in ya tsallake layin a tafi. Wurin da ya yi tauri kamar katako. Ciwon da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, mutum na kuka kai kuma ba ka ga komai ba, musamman in an miƙe masa ƙafar ko hannun ya ƙwalla ƙara. Ƙafa ko yatsu su sage, ko ka ji kamar ana tsitstsira maka allurai, ko ka kasa ɗaga tafin ƙafa. Jiri, bugun zuciya da sauri, gumi mai sanyi, ƙishirwa, ido ya yi fari.

Dalilin gaggawar biyu ne. Ɗaya, cinya da ɗuwawu na iya ɓoye jini lita ɗaya ko fiye, alhali duk jinin babban mutum kusan lita 5 ne. Biyu, tsoka a cikin wata riga take mai tauri wadda ba ta miƙewa, in jini ya cika ta matsi na hawa har ya shaƙe hanyoyin da ke ciyar da naman da jijiyoyin motsi. In ya kai nan, cikin kamar awa 6 nama ya fara mutuwa, maganinsa tiyata ne a tsaga rigar a saki matsin. Ba abin a bari sai gari ya waye ba ne.

Ƙanƙara ko ruwan zafi?

Kwana ɗaya zuwa biyu na farko sanyi. A naɗe ƙanƙara a tsumma, kar a ɗora ta tsirara a fata, minti 15 zuwa 20 a cire a huta a sake. Zafi buɗe jijiyoyi yake yi, ka gasa wurin da ke tsiyayar jini ka ƙara masa gudu kenan. Bayan kwana biyu in kumburin ya tsaya ba ya ƙaruwa, ɗumi kaɗan na taimakawa ya baje. A huta da gaɓar, a ɗaga ta in da hali. Na ciwo kuma farasitamol, ban da ibufurofen ban da asfirin ban da dikulofenak.

Ta yaya ake bambance jinin da ya taru da ƙurjin allura?

Lokaci ne babban mai faɗa. Jini cikin awanni yake taruwa, ranar ko washegari. Ƙurji sai ya ɗau kwanaki, wurin ya yi zafi rau, yana zogi kamar ana buga ganga a ciki, zazzaɓi ya biyo, daga baya ya yi laushi a tsakiya don mugunya ta taru. Sai dai ɗaya na iya haifar ɗaya, jinin da ya kwanta abinci ne ga ƙwayoyin cuta, don haka ƙullutun da ya kwana biyar lafiya sai kuma ya fara zafi da zazzaɓi, a kai shi a duba. Hoton sikanin yana nuna ko jini ne ko mugunya, da girmansa.

Ba za a iya hudawa a zuƙe jinin kawai ba?

A gida a'a, sam. Jinin da ya daskare ba ya bin allura, kuma ka buɗe wa cuta ƙofa, ga wanda jininsa ba ya kamawa kuma ka ƙara masa rami na biyu. A asibiti ma ƙanana ba a taɓa su. Manya ne ake fara gyara jinin mutum tukuna, bitamin K ga mai wafarin, sinadarin da ya rasa ga mai hemofiliya, ƙarin jini in ya zuba da yawa, sannan a duba ko tiyata ko kuma a bi ta cikin jijiya da siririn bututu a toshe wadda ke zuba.

Na ga wasu na jan sirinji baya kafin su tura magani, wasu ba sa yi. Waye daidai?

Duka suna iya zama daidai. Ana ja ne a ga ko bakin allurar na cikin jijiyar jini, in jini ya shigo sirinji a zare a canza wuri. A rigakafi an daina buƙatarsa, don dantse da gefen cinya babu manyan jijiyoyi a inda ake sokawa, kuma jan yana ƙara wa yara ciwo ne kawai. Amma magani mai kauri irin fenisilin benzatin da ake yi a mazaunai, wanda shigarsa jijiya haɗari ne babba, har yanzu ana ja. Jan nan kuma ba ya hana jini kwanciya, aikinsa daban.

Me ya sa wasu ma'aikatan suka koma yin ta a gefen ƙugu maimakon ɗuwawu?

Saboda abin da ke kwance a ƙarƙashin ɗuwawu. Jijiyar motsi mafi girma a jikin mutum ta nan ta ratsa ta gangara har ƙafa, ga kuma manyan jijiyoyin jini kusa. Shi ya sa ake raba ɗuwawu gida huɗu a soka a na sama ta waje kawai, wanda ya sauka ƙasa ko ya matso tsakiya yana iya barin mutum da jan ƙafa. Ko allurar ba ta taɓa jijiyar ba, jinin da ya taru kusa da ita na iya danne ta. Gefen ƙugu ya fi nisa da waɗannan duka, kitsensa bai kai ba, ni dai in an bar ni da zaɓi nan nake yi. Jarirai da yaran da ba su fara tafiya ba cinya ake musu, naman mazaunansu bai ginu ba.

Akwai wani abu da ba kasafai ake gani ba amma ya kamata a san shi, ana zare allura mutum ya ji azababben ciwo nan take, fatar ta yi fari sannan ta yi duhu kamar zanen raga, daga baya ta mutu. Maganin ne ya shiga ko ya toshe jijiyar da ke ciyar da fatar. Ana kiransa da sunan likita Nicolau, wanda ya bayyana shi a shekarun 1920 a masu karɓar allurar bismut ta ciwon tunjere, yau an fi ganinsa da dikulofenak da fenisilin. Shi ma na gaggawa ne.

To in allurar tsoka na sa zubar jini, me ya sa ake wa jariri ita ranar haihuwa?

Wannan ta bitamin K ce, miligiram 1 a cinya, ita hana zubar jini take yi. Jariri na zuwa da ƙarancin bitamin ɗin, nono ma ba shi da shi da yawa, rashinsa na iya sa jini ya ɓalle ta cibiya ko hanji ko cikin ƙwaƙwalwa a makonnin farko. Kar a ƙi ta.

Akwai lokacin da ake yi wa mai tsinkakken jini allurar tsoka ba tare da jira ba?

Akwai. Wanda jikinsa ya yi mummunan bore ga magani ko harbin ƙudan zuma, maƙogwaro na rufewa numfashi na ɗaukewa, adirenalin ake masa a gefen cinya nan take, rabin miligiram ga babba, ko wafarin nawa yake sha. A danna wurin daga baya.

Amma ai allura ta fi ƙwaya aiki ko?

Wannan maganar ce ke ɗaga min hankali. Mutum ya zo da ciwon kai ko ciwon jiki, ka ba shi ƙwaya ya kalle ka kamar ka raina shi, shi a ganinsa in ba a soke shi ba ba a yi masa magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana yin allura aƙalla biliyan 16 a shekara a duniya, kusan kashi 90 cikin 100 na magani ne ba rigakafi ba, kuma da yawansu ƙwaya za ta iya yin aikin. Dikulofenak na sha da na allura abu ɗaya ne in sun isa jini, bambancin ɗan lokaci ne. Allura na da wurinta, mai amai da ba ya riƙe komai, wanda ba ya iya haɗiya, maganin da ciki ke lalatawa, rigakafi. Dattijon nan nawa da ƙwaya biyu ta farasitamol aka ba shi da a gadonsa zai kwana.

Kwana nawa kafin ya baje?

Ƙarami mako ɗaya zuwa biyu, launin na juyawa daga duhu zuwa kore-kore zuwa rawaya yayin da jiki ke narkar da jinin, wani lokacin ma tabon ya gangaro ƙasa da inda aka yi allurar, nauyi ne ke jan shi, ba sabon ciwo ba ne. Babba na cikin nama yana kai wata ɗaya ko biyu. In ya wuce haka ƙullutun na nan da tauri kuma gaɓar ba ta lanƙwasuwa kamar da, a yi hoto, don tsohon jini a tsoka wani lokacin yana rikiɗewa ya zama ƙashi-ƙashi, an fi ganin haka a cinya. Allura ta gaba kuma a canza ɓangare har wannan ya warke.